Ɗankwalayen Malama Habi

Ranar Alhamis ce, ina tsaye a layin masu gyale a kasuwar Maigatari, na ɗaga wani mayafi ruwan toka ina duba shi a hasken rana, sai wayata ta yi ƙara. Sani ne, ɗan Malama Habi tilo. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Anti Zulai, Umma ta cika." Na yi salati, na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, amma hannuna bai saki mayafin ba, har mai rumfar ya tambaye ni ko zan saya ko zan matsa wa wata. Malama ce ta aiko ni. Da safen nan jikinta ya yi sauƙi, ta sha kunu, ga Sani ya zo daga Dutse yana zaune a gabanta, sai ta ce in fita in sha iska, in dubo mata mayafi ruwan toka marar ado wanda zai shiga da kowane kaya, in ban samu ba kada in kwaso mata shirme. Na biya mai rumfar, na shiga motar Gumel da mayafin a cinyata. Ban yi kuka a hanya ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, har na kasa amsa gaisuwar matar da ke kusa da ni.

Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kanta na kasa, don tun daga ranar ban huta ba. Jinyar ta yi tsawo, zaman makoki ya zo da nasa, abin da ya biyo baya kuma ya fi su duka cin rai. Yanzu da gidan ya yi shiru na zauna, ko don waɗanda suka riƙa cewa a wurin ta'aziyya, "Allah ya ji ƙan Malama, mace mai tsafta, mai sutura." Gaskiya suka faɗa, amma rabin maganar suka sani.

Ni ba 'yarta ba ce, ba kuma danginta ba. Ta koyar da ni a firamare ina yarinya mai shegen surutu, kunnena ya sha murɗa a hannunta. Da na girma na zama malama, aka turo ni makarantar da take, muka zama abokan aiki, ko da yake ban taɓa iya zama a kujera tana tsaye ba. Da mijina ya rasu, ban haihu ba, danginsa suka ce suna bukatar ɗakinsu, ita ce ta ce in kwaso kayana in dawo gidanta. "Ga ɗaki nan yana tara ƙura," ta ce, "ki zo ki share ki zauna." Iyakar lallashin da ta yi mini ke nan. Malama ba ta iya lallashi da baki ba.

Duk wanda ya san ta a Gumel ya san ta da kwalliya. Ba ta hoda da jan-baki ba, ta sutura. Mu malamai mata mukan tsaya a bakin ofis da safe, muna yi kamar hira muke, alhali jira muke mu ga da me za ta shigo yau. Ana cewa ba ta maimaita kaya. Wata a cikinmu ta taɓa rantsuwa cewa akwatunan Malama sun kai silin. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na fara yi mata wanki. Na cika baho biyu da ruwa, na tanadi sabulu kamar zan wanke kayan unguwa, na ce ta fito da su. Ta miƙo mini wani ɗan ƙunshi da na riƙe da hannu ɗaya. Na ce, "Malama, sauran fa?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Sauran me?"

Zannuwa huɗu ne da ita, duka marasa hayaniya. Sai riguna kaɗan, doguwar riga baƙa guda, leshi guda, gyale 'yan kala, sarƙa ɗaya da ɗan kunne iri biyu. Abin da ya cika akwatin kuwa ɗankwalaye ne, a goge, a ninke, an jera su kamar litattafai. Da ta ga na saki baki sai ta ce, "Mutane kai suke kallo, Zulai. Wa ya taɓa durƙusawa ya duba zanen malamar makaranta?" Zane ɗaya zai fita ranar Litinin da farar riga da jan ɗankwali, ya dawo ranar Laraba da baƙar riga da gyale ruwan zuma, babu wanda zai ce sun taɓa haɗuwa. Yau a ɗaura ɗankwalin ya miƙe sama, gobe a kwantar da shi ta gefe, jibi ya koma wuya a ƙarƙashin gyale. Sarƙar nan ɗaya ma wani lokaci a wuya take, wani lokaci ta naɗe ta biyu a hannu.

Leshin shi ne abin dariyarmu ni da ita. Fari ne, na lefenta. Da ya fara dafewa ta kai shi marina ya dawo shuɗi. Da shuɗin ya gaji ta sake mayar da shi ya dawo ruwan ƙasa mai duhu, tela ya sauya masa wuya, daga baya ya rage masa hannu. Duk lokacin da ya sauya launi sai an yi mata barka da sabon leshi, ita kuwa ta ce, "Allah ya ba mu lafiyar sawa," ba ta ƙara ba ta rage. Ban taɓa jin ta ce sabo ne ba, ban kuma taɓa jin ta ce tsoho ne ba.

Abin ya samo asali ne daga lokacin da maigidanta ya rasu ya bar ta da Sani yana ƙarami, ga albashi sai ya ga dama yake zuwa. Amma ko da sauƙi ya zo, ba ta sauya ba. Ta ce ta gano kaya da yawa wahala ne, mai su ce ke zama baiwarsu. Kuma ba ta da sauƙi a kan wannan, kada wani ya ɗauka zama da ita duka daɗi ne. A inuwa ake shanya mata kaya, a juye. In babu wuta, to a hura gawayi a dutsen guga, ba ta jin uzuri. Takan ce, "Kaya ba ya tsufa, rashin guga ne ke tsufar da shi." Ni kuma na zo gidan da akwati uku, kullum da safe ina tsaye a kansu ina cewa ba ni da abin sawa. Sai ta leƙo ta ce, "Allah sarki, marainiyar sutura." Ita ta koya mini cewa kafin in sayi abu, in kira sunan kaya uku a ɗakina da zai shiga da su. In na kasa, in ajiye wa masu shi kayansu. Na sha jin haushin wannan doka a gaban 'yan kasuwa, amma ga shi har yau ban iya karya ta ba.

Sai maganar anko, wadda ita ce ta kawo ni ga wannan rubutu. Malama tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Inna Gambo, a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar. Ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ke yi mata kitso da wanki tana zuwa makaranta. Mijinta ya rasu, tana noman geronta da riɗinta, mace ce da ko gishiri ba ta iya roƙo. To a Gumel, biki ba ya wuce wa Malama. Duk ankon da aka fitar sai ta saya, turmi guda cif. Tana dawowa gida ta shimfiɗa shi a gado, ta ɗauko almakashi, ta yanki kamar yadi ɗaya daga bakinsa. Bahaguwa ce, ba ta taɓa yanka ya tafi daidai ba, kullum a karkace. Sauran ta ninke, ta ƙulle a leda, ta ba ɗan acaɓar da ke bin hanyar ƙauyensu ta ce, "Ka ce wa Yaya mun yi anko." Ranar biki ta sa baƙar rigarta ko leshin nan, ta kafa ɗaurin sabon ɗankwali, ta yafa gyalen da ya dace, shi ke nan ta shige cikin 'yan anko. In an zo hoto ta ce ita doguwa ce, bari ta tsaya a baya. Atamfar da Sani ke aiko mata da Sallah ma hanyar da take bi ke nan.

Inna Gambo takan kira a waya ta yi godiya, sannan ta ɗora da ƙorafi. Ina jin muryarta daga tsakar gida: "Habi, 'yan kasuwarku ba sa tsoron Allah. Turmi kullum da ragi, in an fitar da riga da zane ko ɗankwali ba ya saura." Malama ta ce, "Sai haƙuri, Yaya," tana toshe baki da gefen zane. Maman Rifkatu, 'yar Filato mai shagon atamfa a kasuwa, wadda a wurinta ake sayen yawancinsu, ba ta san tana shan zagi a wani ƙauye ba. Na taɓa cewa, "Malama, me zai hana ki gaya mata?" Ta daina dariyar ta ce, "In Yaya ta san ban ɗinka nawa ba, wallahi a ranar za ta ɗoro su duka a acaɓa ta dawo mini da su. Ba ki san ta ba. Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke." Na ce to. Ban ɗauka kalmar nan za ta yi mini nauyi wata rana ba.

Da ciwo ya kwantar da ita ta rame, har zanen da ke zagaye ta sau ɗaya ya koma zagaye ta sau biyu. Amma in aka yi sallama, ba wanda zai shigo sai na ɗaura mata ɗankwali. "Kada su same ni kamar kayan wanki," take cewa. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na tsaya a kan guga idona na rufewa, ina cewa a raina wa zai duba ɗankwalin marar lafiya. Ashe ana dubawa. Masu zuwa dubiya suna fita suna cewa Malama da sauƙi, ka gan ta tsaf. Abin da take so su ce ke nan.

Bayan addu'ar bakwai, Sani ya ce shi namiji ne, ba abin da zai yi da kayan mata, Inna Gambo ta raba wa dangi yadda ta ga ya dace. Makullin ɗakin yana hannuna tun farkon jinya. Na buɗe, Inna Gambo ta zauna a bakin gado, 'yarta Talatu ta jawo akwati, wasu mata na dangi suka cika ƙofa. Aka fito da zannuwa huɗu, da rigunan, da leshin. Aka leƙa ƙarƙashin gado, aka duba bayan ƙofa. Inna Gambo ta ce, "Ina sauran?" Tambayar da na yi shekarun baya ce ta dawo mini. Na ce, "Su ke nan, Inna."

Talatu ta zazzage ɗankwalayen a kan tabarma, suka bazu kala-kala. Ta ce, "To ga kawuna nan, ina jikinsu?" Ta ciro waya tana nuna hotunan biki ɗaya bayan ɗaya, ga Malama a baya, kowane hoto da atamfarsa. Inna Gambo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Duk atamfar da Habi ta aiko mini, cewa take mun yi anko. Nawa suna can, akwati biyu. Nata ba za su gaza haka ba. Yarinya, ni ban ce kin ɗauka ba. Amma makulli a hannunki yake."

Bakina cike yake da amsa, amma na riga na ce wa Malama to. Daga ranar, in na shigo tsakar gida sai hira ta yanke. Aka ce a duba ɗakina, na buɗe musu, ba su ga komai ba, sai aka tuna cewa ana cikin jinya na taɓa zuwa Gagarawa wurin mahaifiyata da jaka a hannu. Maganar ta fita waje. Na koma makaranta na ga wata tana ƙare wa zanena kallo, zanen da na saya tun mijina yana da rai. Sani, yaron kirki, kunya ta kama shi, ya tara su ya ce, "Don Allah a bar maganar nan, ko ma mene ne na yafe." Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Yafe mini aka yi, ba wanke ni ba. Na yi wa mace jinya har na manta yadda barci yake, ga shi zan ƙare da sunan wadda ta kwashe wa gawa zannuwa.

Na juya abin a raina har na gaji. Malama ta ɓoye ne don kada Yaya ta dawo mata da kaya. Yanzu wa za a dawo wa da su? Kuma na lura ba zannuwan ne ke cin Inna Gambo ba. Abin da ke hana ta cin abinci shi ne tunanin an cuci ƙanwarta tana kwance, ita kuma tana ƙauye ba ta sani ba. Da wannan za ta koma gida, da shi za ta zauna har nata ya zo.

Ranar da za su tafi, da hantsi, an ɗaure kaya, adaidaita na jira a ƙofar gida. Inna Gambo ta fito sanye da wata koriyar atamfa mai zanen ganye ruwan ɗorawa, kanta kuwa wani tsohon baƙin kallabi ne da bai haɗa komai da ita ba. Na san atamfar. Na koma ɗaki na ɗauko ɗankwalin atamfar a cikin tulin na Malama, na zo na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, tambaya ɗaya zan yi, in na yi laifi a yafe mini. Tunda Malama take aiko miki da atamfa, kin taɓa samun ɗankwali a ciki?"

Ta ce, "Ina fa. Kullum da ragi."

Na ce, "Ga ragin nan."

Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. Na roƙe ta ta kwance bakin zanenta na ciki, wanda ba a kalmashe ba. Ta kwance a hankali. Yankan a karkace yake, ya raba wani ganye biyu. Na ɗora bakin ɗankwalin a jikinsa, ganyen ya haɗe. Talatu ta matso, ta sake buɗe hotunan nan, wannan karon tana duba ƙasan gyale, ba kai ba. Baƙar riga. Leshi ruwan ƙasa. Baƙar riga kuma. Ta ajiye wayar a ƙasa.

Inna Gambo ta zauna daɓas a kan turmin daka. Ta daɗe tana shafa wurin yankan da yatsa. Can ta ce, "Hannun Habi ne. Tun tana yarinya ko takarda ba ta iya yankawa daidai." Sai kuma ta ce, "To ita da me take fita?" Na nuna mata zannuwa huɗun da ke saman kaya. A nan kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya ƙwace mata. Ta riƙa cewa, "Na sa, na je biki, na je suna, ina taƙama ni da ƙanwata iri ɗaya. Ashe ni na sa nata." Ta kamo hannuna ta ce, "Zulai, ki yafe mini don girman Allah." Ranar ce ta fara kiran sunana. Na ce babu komai, ni ma sai a lokacin nawa kukan ya zo.

Ta cire baƙin kallabin, ta miƙo mini kai ta ce in ɗaura mata yadda Habi ke yi. Na ɗaura. Shekara da shekaru atamfar nan tana jikinta, sai ranar ta zama cikakkiya. Ta tattara ɗankwalayen duka ta ce su kaɗai za ta ɗauka, kowane yana da ɗan'uwansa a akwatinta. Zannuwa huɗun da leshin ta ajiye su a cinyata a gaban kowa, ta ce wanda ya ji an ce, to ya je ya ce ga abin da ya gani. Kafin su kama hanya ta sa mai adaidaita ya biya da ita kasuwa, shagon Maman Rifkatu, ta nemi gafarar zagin da matar ba ta ma san an yi mata ba.

Malama, na buɗe abin da kika ce in rufe. Na san da kina nan da kin dube ni ta saman tabarau, amma Yaya ba ta dawo da ko ɗaya ba, ta ce za ta sa su har su yage. Mayafin da kika aike ni yana wurina. Na gwada shi da duk zannuwanki huɗu, ya shiga da kowanne, ba shirme na kwaso miki ba.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Habiba, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ta suturta 'yar'uwarta ba tare da ta bari ta ji nauyi ba, ka suturta ta da rahamarka ranar da babu sutura sai taka. Ka ba Sani haƙurin rashin uwa, ka yi masa albarka shi da zuriyarsa. Ka sanyaya zuciyar Inna Gambo, ka ba ta lafiyar sa kayanta. Mu da muka rage, ka ba mu hutu, ka rufa mana asiri, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.